Abin da ya sa hanyar ta ɓace maka a Kufena

Ka ce min ka hau dutsen Kufena na Zariya ta gefen Wusasa, ka ɗauki hoton hanyar nan da ke hawa dutsen, ka mayar da hoton baƙi da fari, sai hanyar ta ɓace, ita da ciyawar gefenta duk suka zama toka ɗaya. Kana tambaya, "Maigida, ko kamarar ce ba ta da kyau?" Lafiyarta ƙalau, yaro. Idonka ne ya yaudare ka. Ido yana raba jar ƙasa da koren ciyawa da launi, shi kuwa baƙi da fari haske kaɗai ya sani. In hasken da ke tashi daga hanyar ya yi daidai da na ciyawar, a wurinsa abu ɗaya ne.

Maganin farko filta, wato gilashi mai launi da ake ɗaurawa a gaban gilashin kamara. Kowace filta tana haskaka launin da ya yi kama da ita, ta duhunta kishiyarsa. Hanyoyinmu na nan jar ƙasa ce da marmara, don haka in ka ɗaura mai ruwan lemo, hanyar za ta yi haske, ciyawa ta yi duhu, sai ka ga ta miƙe kamar an shimfiɗa rawani. Ja ta fi ƙarfi, har sama take mayarwa kusan baƙi, girgije ya fito fes. Amma kowace tana cin haske: rawaya mataki 1, ruwan lemo 2, ja 3, kowane mataki kuwa rabin hasken yake cinyewa. Ka auna haskenka ba filta, sannan ka ƙara da hannunka, domin ma'aunin hasken da ke cikin kamara yana yawan ragewa idan ja na gabansa. Misali fim mai ISO 125, wato ƙarfin jin haskensa, a rana tsantsa yana son ƙofar gilashi a f/16 da saurin ɗauka 1/125 na daƙiƙa. Ka sa ja, ka koma 1/15, kuma a nan ba hannun da zai riƙe kamara cak, sai mai ƙafa uku. In dijital kake ɗauka, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, wajen juyawa ka ɗaga ja da ruwan lemo, ka sauke kore da shuɗi. Maɓallin nan guda ɗaya da yaran yanzu ke dannawa a waya launi kawai yake zubarwa, ba ya raba komai.

Na biyu lokaci. Na tabbata da hantsi ka hau, bayan ka gama barcinka. Rana a tsakiyar kai ba ta barin inuwa, dutse kuwa ba ya nuna jikinsa sai da inuwa. Ka kasance a wurin cikin sa'a ɗaya da fitowar rana, ko bayan la'asar sakaliya, ka tsaya yadda rana za ta zo maka daga gefe. A nan ne kowane sawu da kowace tsakuwa ke samun 'yar inuwarta. Watan da ya fi shi ne Oktoba, ruwa na ɗaukewa, sama shuɗiya, girgije bai gama tafiya ba. Da hunturu kada ka wahalar da filta, hazo ya riga ya mayar da sama fari, ba shuɗin da za ta duhunta. Kuma kada in ji ka canza gilashin kamara a kan dutse iska na kaɗa ƙura.

Ka runtsa ƙasa, kamara daidai gwiwa, hanyar ta shigo daga kusurwar ƙasa ta lanƙwasa sama. Da gilashin milimita 28 a f/11, ka saita a mita 2 da rabi, komai zai fito tun daga mita 1 da 'yan kai har ƙarshen gani. Yadda ake loda fim da riƙe kamara kuwa ba zan ɓata bakina ba.

Inda nake son ka buɗe kunne shi ne wankin fim, don a nan aka taɓa yi wa shagon nan asarar da har yau ba ta bar raina ba. Wani dattijo ya ba da aikin hanyar da ke hawa dutsen ƙauyensu, inda kakanninsa suka zauna kafin a sauko fili, yana son babban bugu inci 20 da 24 ya rataye a zaure. An ɗauki nadi 3 na fim 120, hoto 12 kowanne, ƙarshen damina, da filta mai ruwan lemo, girgije ya taru kamar an roƙa. Aka bar wa yaron shago wanki. Takarda ta ce fim ɗin FP4 a maganin wanki na ID-11, rabi magani rabi ruwa, minti 11. Ya karanta minti 11, bai karanta cewa a digiri 20 ake nufi ba. Ya ɗebo ruwan tankin da ya wuni a rana, ya haura digiri 30, ya haɗa ya zuba. Magani in ya yi zafi gudu yake yi. Girgijen nan duk ya toshe, negatif ya yi baƙi ƙirin ta wajen sama, ko minti nawa ka ba shi a injin bugu fari fat zai fito. Da ya taɓa tankin ya ji ɗumi, sai tsoro ya kama shi, ya ɗauraye da ruwan ƙanƙara wai ya gyara. Fatar fim ta riga ta yi laushi da zafi, sanyi ya buge ta farat ɗaya, ta tsattsage kamar tabon kududdufi da rani. Hoto 36, ko ɗaya bai tsira ba. Kuma bai faɗa ba sai bayan mako uku, da aka zo bugu. Kafin a koma an kunna wa dajin wuta, ciyawa ta zama toka, hazo ya rufe sama. Dattijon ya karɓi kuɗin kafin alƙalaminsa, kuma Allah bai ba shi ganin wata damina ba. Ma'aunin zafi yana rataye a ƙusa, taku ɗaya daga inda yaron yake tsaye.

Don haka ka ji da kyau. Magani, ruwan tsayarwa, fiksa mai zaunar da hoto da ruwan ɗauraya duk su zama zafi ɗaya, kada tazara ta wuce digiri 2. Ka jera kwalaben a cikin baho, ka sa ruwan randa, ka riƙa jefa ƙanƙara a bahon, ba a cikin maganin ba, har ma'auni ya tsaya. In 20 ta gagara da bazara, ka yi a 24 ka rage minti 11 ɗin zuwa wajen 8. Sama da haka ka bari sai asuba. Ka juya tanki sau 4 a farkon kowane minti, ka ɗan buga gindinsa a tebur kumfa ta saki fim.

Ranar Asabar ka ɗauki mai ƙafa uku da filta biyu, ka koma wurin nan kafin ƙarfe 7. Ka ɗauki hanyar sau 3 ba tare da ka motsa kamara ba: ba filta, da ruwan lemo, da ja. Ka rubuta lambobin kowanne a takarda ka kawo min, kuma ba za ka taɓa tankin wanki ba sai ina tsaye.