Hajiya, abincin irin naman kaza ba zai cinye jarinki ba

Wata Hajiya mai sayar da hatsi a kasuwar Katako ta aiko da tambaya. Ɗanta yana son su buɗe ɗan ɗakin gwaji nan Yamai, su riƙa haɗa irin naman kaza, wanda wasu ke kira lemar kwaɗi. Tana da jaka 500 a hannu. Me irin yake ci, kuma kuɗin za su kai?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Irin da ake magana shi ne farin zaren nan mai kama da auduga da ke mamaye kwalba. Ba ruwansa da hasken rana, abinci yake so a gabansa: sukari ko sitaci don ƙarfi, ɗan naitirojin don gina jiki, sai bitamin B1 da sinadarai irin su fosfaras da magnesiyam. Haɗin da aka fi sani na fara renon zaren shi ne a dafa dankalin Turawa giram 200 cikin ruwa lita 1, a tace, a zuba gulukos giram 20 da garin agar (wani gari da ake samu daga ciyawar teku) giram 15 zuwa 20 don ya daskare. Agar ɗin ne kawai zai sa ku yawon nema.

Daga nan ake mayar da zaren kan ƙwayar dawa ko hatsi, kin ga haja ce ta rumfarki. A jiƙa, a ɗan tafasa, a tsane har ƙwaya ta daina lafewa a tafin hannu, a barbaɗa ɗan alli don kada ta dunƙule ko ta yi tsami. Cikin mako 2 zuwa 3 kwalba ta yi fari fat. Ki ja wa yaron kunne kan cika dusa da sunan ƙarin abinci. Idan naitirojin ya yi yawa, koren fumfuna ne ke fara cin moriya, kuma kwalbar da ta yi kore ta zama asara.

Inda kuɗinki za su tafi biyu ne. Na farko tukunyar matsin tururi mai kai zafin maki 121 na ma'aunin Celsius, domin tafasawa kawai ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta: haɗin dankali na son minti 15 zuwa 20, dawa kuwa awa ɗaya da rabi. Na biyu sanyi. Nau'in naman kaza da ake kira Pleurotus, wanda ya fi sauƙin reno, yana jin daɗi ne tsakanin maki 25 da 28, mu kuwa zafinmu na Afrilu da Mayu yana haura 40. Ga kuma ɗauke wuta. Wannan ne ya fi damuna da shirin naku.

Don haka kada ki zuba jaka 500 lokaci guda, don Allah. Ware 150, ku fara da kwalabe 20 a watan Nuwamba, lokacin sanyi, ku rubuta nawa suka yi fari, nawa suka lalace. Kafin nan ki zagaya otal-otal da gidajen abinci na unguwar Filato, ki ji kilo nawa na naman kaza za su ɗauka a mako, kuma a kan nawa.