Tambayoyinku kan ƙara wa babur ɗin doguwar tafiya fitila, akwati da sauran kaya

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyin wannan fitowa sun taru ne a kan kayan da ake saya a kasuwa a ƙara wa babur bayan ya baro kamfani. Duk abin da za a ƙara, ko dai ya ci wuta ko ya ƙara nauyi, kuma kowanne daga cikin biyun yana da iyakar da aka ƙera babur ɗin a kanta. Mun fara da maganar wuta domin ita ta fi yawa.

Tambaya daga Zariya: Na sa wa babur ɗina mai inji 650 fitilu biyu na ƙari saboda tafiyar asuba. Mai gyaran waya ya jona su da wayar babbar fitila. Bayan mako biyu makunnin fitila ya fara zafi yana warin roba, kuma da safe sai an tura babur ɗin. Fitilun ne ba su da kyau, ko batir ne?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar tana wajen jonin. Makunnin da ke kan babur da siririyar wayarsa an yi su ne don su ɗauki fitila ɗaya, kai kuma ka ɗora musu uku. Ga lissafin: ka raba wat na fitila da 12 (volt ɗin batir), zai ba ka amfiya, wato yawan wutar da ke bin waya. Idan ƙwayayen halojin ne masu wat 55 guda biyu, wat 110 ke nan, kimanin amfiya 9 a kan abin da makunnin ke ɗauka tun asali. Wannan warin robar da kake ji gargaɗi ne, ka cire jonin yau, kada ka jira gobe.

Yadda ake yi shi ne da rile, ɗan akwatin nan baƙi mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa da lambarta. Ƙafa mai lamba 30 ta tafi kai tsaye zuwa kan batir mai alamar tarawa, amma ta bi ta fiyus. A sa fiyus ɗin kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaronta. Ƙafa 87 ta tafi ga fitilun. Ƙafa 85 ta tafi kan batir mai alamar ragi ko jikin ƙarfen babur inda babu fenti. Ƙafa 86 ita ce ta umarni: a ɗauko ta daga wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, kamar ta fitilar baya, ta bi ta sabon makunni. Da haka makunni ba ya ɗaukar komai sai 'yar wutar da ke taɓa rile, kuma da ka zare makulli fitilun sun mutu, ba za su kwana suna shan batir ba.

Shawararmu ka koma fitilun LED masu wat 20 kowace. Biyun wat 40 ne, amfiya 3 da ɗan ɗori. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta ishe su, da fiyus mai amfiya 7.5. Idan fiyus ya ƙone, kada a ɗaure shi da zaren waya, kada kuma a sa babba. Ƙonewarsa na nufin waya ta goge a wani wuri, galibi a wuyan babur inda kai ke juyawa. A nan a bar wa waya ɗan sassauci, a sa ta cikin tiyo na roba, a ɗaure nesa da salansa.

Sai maganar batir da ke kwana ba wuta. Samo mitar awon wuta. Babur a kashe, batir mai lafiya zai nuna volt 12.6 zuwa 12.8. Tayar da inji, ka kunna duk abin da ke cin wuta, ka ɗaga totur zuwa juyi 3,000 ko 4,000 a minti. Mita ta tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ta faɗo ƙasa da 13, kwayil, wato abin da ke samar wa babur wuta, ba ya samar da abin da kake ci, batir ne ke cike giɓin har ya ƙare. Idan ta haura 15, na'urar daidaita caji ta lalace, tana dafa batir ɗin. Mai babur mai sanyaya inji da ruwa ya maimaita awon lokacin da fanka ta tashi, domin a cunkoson gari ita ma tana jan nata kason, a daidai lokacin da inji ke sululu yana ba da wuta kaɗan.

Masu ƙananan babura na 100 zuwa 150, ku yi hattara fiye da haka. Da yawansu fitilar gaba daga kwayil take shan wuta kai tsaye, shi ya sa take dishewa idan an saki totur. Irin wannan wutar tana sa LED ƙyaftawa ko ta ƙone shi da wuri. Ku ɗauko daga batir, kuma kada ku wuce wat 10 kowace fitila. Masu BMW R1200GS kuwa, tun daga ƙirar 2004 kwamfuta ce ke lura da wayoyinsa. Idan aka yanka waya aka ɗora mata kaya, kwamfutar za ta ɗauka lalacewa ce ta yanke layin. Wuta daga batir za ta fito ta rile, ba daga wayoyin babur ɗin ba.

Abu na ƙarshe, kuma muna roƙo a kula da shi: saitin haske. Tsaya mita 8 daga bango, kana zaune a kan babur da kayanka. Tsakiyar hasken ya sauka santimita 5 zuwa 10 ƙasa da tsayin fitilar kanta. Direban tirelar da ka kashe wa ido a hanyar Kano zuwa Maiduguri kai zai nufo. A lokacin hazo kuma, fitilar da aka ɗaura ƙasa kusa da taya ta fi amfani, domin ta sama ƙura take haskawa ta dawo maka da hasken cikin ido.

Tambaya daga Jos: Na ɗaura akwatunan alminiyam biyu a gefe da babba ɗaya a baya. Da na ɗauki uwargida muka hau hanyar Bauchi, da zarar na kai gudun kilomita 100 a awa sai kan babur ya fara rawa. Da can ba ya haka.

Amsa: Malam, Allah ya kiyaye gaba. Nauyi ne ya koma bayan tayar baya, ya ɗage tayar gaba, ta daina kama kwalta yadda ya kamata. Akwatin baya shi ne babban mai laifi, domin yana sama kuma yana bayan gatarin taya. Duba jikin ƙarfen da akwatin ke zaune a kai, za ka ga an rubuta iyakarta, yawanci kilo 5 zuwa 10 ne kacal. Rigar ruwa, hular kwano da takardu su ne kayansa. Sifanu, famfon iska, ruwan sha da gwangwanin baƙin mai su sauka ƙasan akwatunan gefe, a tura su gaba kusa da ƙafar wanda aka goya, kuma a raba nauyin daidai hagu da dama.

Ka buɗe littafin babur ɗinka ka nemi nauyin da aka yarda ya ɗauka. A manyan baburan tafiya abin yana zagaye da kilo 200, kuma wannan ya haɗa da kai, da uwargida, da duk ƙarfen da ka ƙara. Mu ɗauka kai da kayan jikinka kilo 80 ne, ita 65, akwatuna uku da ƙarafan riƙonsu 18 tun ba a sa komai ciki ba, ƙarfen kare inji da farantin ƙasa 8. An kai 171. Abin da ya rage na kaya kilo 29 ne. Mutane da yawa ba sa yin wannan lissafin sai shokozoba ta fara yoyo.

Sannan a ƙara wa sifirin na baya ɗauri. Ɗaga tayar baya daga ƙasa, ka auna daga gatari zuwa wata alama a gefen siti. Sauke, ku hau da kayanku duka, wani ya sake aunawa. Bambancin ya zama kimanin kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shokozoba: idan tana tafiya milimita 150, to 45 zuwa 50. Idan ya fi haka, a murɗa zoben ɗauri har ya daidaita. Iskar taya kuma a bi takardar da ke manne a jikin babur, layin da aka rubuta na mutum biyu da kaya, a auna da safe taya na sanyi. Duba sarƙa kuna zaune a kai, domin nauyi yana ɗame ta, sarƙar da ta ɗame kuwa tana cin boris ɗin giya. Idan ka yi duk wannan rawar ba ta daina ba, a duba boris ɗin wuya da cin tayar gaba. Kafin nan, kada ka sake kai shi wannan gudun da goyo.

Tambaya daga Damagaram: Notocin ƙarfen akwatina kullum kwancewa suke a hanyar burji. In sa a yi musu walda kawai?

Amsa: A'a, kada wuta ta taɓa shasin babur. Walda tana raunana ƙarfen da ke kewaye da ita, a nan zai tsage, kuma tana iya ƙona kwamfutar babur mai allurar mai. Kwance duka ka sake ɗaurawa: sa kowane noti a raminsa da hannu, sako-sako, sai duk sun shiga sannan ka bi su kana ɗamewa. Wanda ya ɗame na farko tamau ya tilasta wa na ƙarshe shiga, ya bar ƙarfen a takure, gargada kuma za ta ƙarasa shi. Goge zaren da fetur ya bushe, ka ɗiga masa gam ɗin noti shuɗi irin Loctite 243. Jan gam ba ya kwantuwa sai da zafi, ka bar shi. Noti mai kaurin milimita 6 ana ɗaure shi kimanin Nm 10 (ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), mai 8 kuwa 22 zuwa 25. Sake bin su bayan kilomita 100 na farko.

Tambaya daga Sakkwato: Wanne zan fara saya, ƙarfen kare inji ko farantin ƙasa?

Amsa: Alhaji, hanyarka ce za ta faɗa. Mai bin kwalta ya fara da ƙarfen gefe, domin faɗuwar tsaye a gidan mai ko cikin yashi ita ta fi yawa, kuma ita ke fasa ladiyeta da murfin inji. Mai shiga ƙauyuka da duwatsu ya fara da faranti, na alminiyam mai kaurin milimita 4 ko fiye, wanda ya kama shasi. Wanda aka ɗaura a tukunyar baƙin mai kai tsaye, dukan dutse zai miƙa wa tukunyar ne. Tabbatar yana da ramin juyen mai, kuma ka riƙa wanke laka da ke taruwa tsakaninsa da inji, domin tana riƙe zafi. Ƙarfen gefe sau da yawa da notocin da ke riƙe inji yake amfani. A sa jak a ƙarƙashin inji, a gama gefe ɗaya kafin a kwance ɗayan, in ba haka ba inji ya goce ramuka su ƙi haɗuwa.

Tambaya daga Kumasi: Tun da na fara ɗaura wayata a kan babur, hotunanta suka koma dishi-dishi suna kaɗawa.

Amsa: Girgizar inji ce ta lalata ɗan abin da ke daidaita madubin kyamara. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone game da ɗaura ta a kan manyan babura saboda wannan dalili. Wadda ta riga ta lalace sai an sauya kyamarar. Nan gaba nemi mariƙi mai robar shanye girgiza, ko ka ware tsohuwar waya don taswira, mai tsadar ta zauna a aljihu. Cajar USB kuma a jona ta bayan makulli da fiyus mai amfiya 3. Wadda aka jona da batir kai tsaye tana tsotsar wuta ko ba a sa mata waya ba.

Tambaya daga Kaduna: Na sa dogon gilas na tare iska a gaban babur, amma yanzu iska tana dukan hular kwanona har kaina na ciwo.

Amsa: Gilas ɗin ya jefo gargitsattsiyar iska daidai kan hularka. Idan kana zaune yadda ka saba, bakinsa na sama ya tsaya wajen hancinka, ka riƙa kallo ta samansa. Sauke shi ko ɗaga shi santimita biyu-biyu kana gwadawa, ko ka ƙara ɗan fiffiken da ake maƙalawa a bakinsa. A watannin Maris da Afrilu gajere ya fi, domin dogo yana tare iskar da ke sanyaya ƙirji. Ƙurar hunturu kuwa kada a share ta da busasshen tsumma, zane take bari wanda ke watsa hasken motoci da dare. A kwara ruwa tukuna, sannan sabulu da tsumma mai laushi, ban da fetur.

Tambaya daga Yola: Ina so in ɗaga kan babur saboda ciwon baya. Akwai haɗari?

Amsa: Milimita 20 zuwa 30 yawanci wayoyin asali suna kaiwa. Bayan an ɗaura, tayar da inji ka juya kai har ƙarshe hagu da dama. Idan ƙarar inji ta ƙaru da kanta, wayar totur ta ɗame, kada ka hau sai an sauya mata hanya ko an sa doguwa. Sannan ɗaga tayar gaba ta rataya, ka taɓa tiyon birki da wayar kuloci. Idan ɗaya ya miƙe kamar tsarkiya, a sauya shi da wanda ya fi shi tsawo, a kuma fitar da iska daga birkin kafin a fita titi.