Kalatiyata tana nannaɗe ganye alhali ina ba ta ruwa safe da yamma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Kaduna nake rubutowa. A watan Satumba na sayi shukar adon nan da masu fulawa ke kira kalatiya, mai zane a ganye kamar gashin ɗawisu, bayan ganyen kuma jaja-jaja. Na ajiye ta a falo, tana ta kyau har hunturu ya shigo. Yanzu bakin ganyen ya bushe ƙamas, wasu sun nannaɗe, na ƙasa kuma suna komawa ruwan ɗorawa. Na koma wurin wanda ya sayar min, ya ce ƙishirwa ce da yunwa, in riƙa ba ta ruwa safe da yamma, in kuma zuba mata cokali ɗaya na takin NPK. Mako uku ke nan ina yi, abin sai gaba yake yi, har ƙasar tukunyar ta fara wari. Da tsada na saye ta, raina duk a ɓace yake. Ta mutu ke nan, ko akwai abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye butar nan daga yau. Mai yiwuwa ba ta mutu ba tukuna, amma shawarar da aka ba ki ce ke kashe ta, kuma warin da kika ji shi ne babbar shaida.

Wannan kuskuren na hallaka kalatiya da yawa. Mutum ya ga ganye ya nannaɗe, nan take ya ce ƙishirwa ce. Gaskiya ne ganyen na neman ruwa, amma a tambayi dalilin da ya hana ruwan kai masa. Saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙofofi masu riƙe iska, kuma daga nan take shaƙa. Idan kina zuba ruwa sau biyu a rana, ƙofofin nan ba sa samun sararin da za su tsane. Cikin 'yan kwanaki ƙananan saiwoyi masu kamar gashi, waɗanda su ne ainihin masu tsotsar ruwa, sai su shaƙe su mutu, sannan ƙwayoyin cutar ruɓa masu son laka su bi ta kansu. Saiwar da ta ruɓe ba ta ɗaukar ruwa ko da a cikin kogi take. Sai ganye ya nannaɗe daidai yadda zai yi in da ƙasar a bushe take. Mai shuka ta gani ta ƙara ruwa, ruɓa ta ƙaru, ganye ya ƙara nannaɗewa, ta sake ƙara ruwa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Abin da mai fulawar bai rarrabe miki ba shi ne damshin ƙasa daban, laimar iska daban. Kalatiya 'yar ƙasan dazuzzukan Kudancin Amurka ce, musamman Brazil, inda take zaune a inuwar manyan itatuwa cikin iska mai laima. Danginta ɗaya da faffaɗan ganyen nan da mutanen kudu ke ƙunshe alala da shi, kuma kin san ba a dajin Kano ake yanko shi ba. Tana son laimar iska ta kai kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ko sama. A tsakiyar hunturu kuwa laimar iska a arewa kan faɗi ƙasa da kashi 20, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara tsotse ɗan abin da ya rage. Ganyenta siriri ne mai faɗi, ruwa na fita ta jikinsa fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa, sai baki ya fara ƙonewa. Wannan ne ya fara samun shukarki da hunturu ya shigo. Matsalar a iska take, aka sa ki yi wa ƙasa magani.

Ina takaicin yadda ake sayar da shukar nan. A bakin titi tana ƙarƙashin bishiya, cikin leda mai huji ta ko'ina, iska na kaɗawa, ruwan da aka zuba da safe ya tsane kafin azahar. A can ba da ruwa kullum bai cika yin lahani ba. Sai a ɗauki wannan ka'idar a miƙa wa wadda za ta kai shukar falo, ta zura ta cikin tukunyar ado mai ƙyalli wadda ko huji ɗaya babu a gindinta. Da kin ɗago ta za ki tarar da ruwa kwance a ƙasa. Su kuma malaman Facebook da TikTok kowa da nasa: wannan ya ce ruwan wankin shinkafa, wancan ya ce jiƙon ɓawon ayaba, wani ya ce a goge ganye da madara don ya yi sheƙi. Dukkansu abinci ne ga ƙwayoyin ruɓa da ƙananan ƙudajen da ke tashi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. NPK ɗin da kika zuba kuwa takin gona ne, gishiri ne mai ƙarfi. Cokali guda a tukunya ƙarama yana janye ruwa daga saiwa maimakon ya ciyar da ita, kuma kalatiya na cikin shukokin da ba sa jure gishiri ko kaɗan. Shukar da ke jinya ba a ba ta taki.

Yanzu ga abin yi, kuma yau za ki yi shi. Kife tukunyar ki zaro shukar, ki wanke ƙasar da ke jikin saiwa cikin bokitin ruwa mara sanyi. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan madara, da ƙwari in kin matsa. Ruɓaɓɓiya baƙi-baƙi ce, da laushi, in kin ja sai fatar ta saɓule ta bar wani zare siriri a hannunki. Ki yanke duk irin wannan da almakashin da kika goge da sifirit. Za ki iya ganin 'yan ƙulle-ƙulle kamar gujiya a jikin wasu saiwoyi. Kada ki cire su, rumbun ajiyarta ne. Sai ki duba gindin da ke kwance cikin ƙasa mai kama da citta. In yana da tauri, shukar na da rai, ko da duk ganyen ya tafi za ta sake tofo. In ya lugwigwice yana wari, wannan sashen ya tafi, ki yanke shi ki ceci wanda ya rage.

Kada ki mayar da tsohuwar ƙasar. Haɗa kashi biyu na zaren ɓawon kwakwa da aka niƙa, kashi ɗaya na ƙaiƙayin shinkafa da aka babbaka ko yashi mai manyan ƙwayoyi, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye da ya gama zama ƙasa. Zaren kwakwar ki jiƙa shi ki tsiyaye sau biyu ko uku, domin yakan zo da gishiri. Ƙasar fadama mai danƙo ba ta yi. Tukunya kuma ta kasance mai huji, wadda ba ta fi dunƙulen saiwar da santimita 2 zuwa 3 ba. Babbar tukunya na riƙe ruwan da 'yar saiwar da ta rage ba za ta iya sha ba. Bayan dasawa ki ba ta ruwa sau ɗaya, ki kifa mata farar leda mai 'yan huji ba tare da ta taɓa ganye ba, na mako biyu zuwa uku, kina buɗewa na ɗan lokaci kullum. Taki sai bayan wata biyu, shi ma na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a wata.

Daga nan ki daina ba da ruwa da kalanda. Soka tsinken tsire har gindin tukunya, ki bar shi minti ɗaya ki zaro. In ya fito da duhu, ƙasa na manne da shi har sama, ki jira. In santimita 2 zuwa 3 na sama sun bushe, ƙasa kuma da ɗan damshi, lokaci ya yi. Ki zuba har ya fito ta huji, bayan minti 15 ki zubar da wanda ya taru a faranti. Kada kuma ki koma ɗaya gefen ki bar ta ta bushe ƙaf, ita ma hanyar mutuwa ce.

Irin ruwan ma da magana. In tukunyar dafa ruwanki na yin farin ɓawo a ciki, ruwan burtsatsenku na da ma'adinai da yawa, kuma zai ci gaba da ƙona bakin ganye. Ajiye ruwan famfo ya kwana na rage sinadarin kulorin ne kawai, ba ya cire gishiri, tafasawa ma ba ta cire shi duka. Ruwan sama ya fi, sai ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki in an tara shi a mazubi mai tsabta. Ban da ruwan sanyi na firji.

Laima kuwa, fesa ruwa a ganye ɗaukinsa na 'yan mintuna ne. Ki ɗauke ta daga saitin iskar na'ura da fanka, ki haɗa ta wuri ɗaya da sauran shukokinki, ko ki kai ta banɗaki mai taga har hunturu ya wuce. In da hali, ƙaramar na'ura mai fitar da tururin sanyi ta fi komai aiki. Haske take so ba rana ba: mita ɗaya ko biyu daga taga mai labule shara-shara.

Ki kuma juya bayan ganyen. Busasshiyar iska na kawo wasu ƙwari ƙanana ƙwarai dangin gizo-gizo. Riƙe farar takarda a ƙasa ki kaɗa ganyen. In kin ga ɗige-ɗige na motsi, ko saƙa siririya a mahaɗar ganye da kara, su ne. Wanke gaba da baya da ruwa, sannan ki fesa man darbejiya mililita 5 cikin lita ɗaya da ɗigo biyu na sabulun ruwa, da yamma, duk bayan kwana 5 zuwa 7 har sau uku. Fara gwadawa a ganye ɗaya.

Bakin da ya ƙone ba zai koma kore ba. Ki datse shi bisa zubin ganyen, ki bar ɗan siririn layin busasshen don kada ki ji wa mai ran ciwo. Abin da za ki sa wa ido shi ne sabon ganye, wanda ke fitowa daga gindi a naɗe kamar tabarma, yawanci bayan mako huɗu zuwa takwas. Ki kuma leƙa ta bayan isha'i. In ganyen sun miƙe sama har kina ganin jan bayansu, da safe kuma suka kwanta, saiwar ta fara kai ruwa.