Amsa: Kunzugun jariri yana zarni bayan wanki

Hajiya, kin ce kina Jidda, kunzugun jaririnki na tsumma yana zarni ko an wanke shi, kuma ya daina shan fitsari. Ki fara da daina amfani da ruwan ƙamshin nan mai laushin kaya, irin su Downy da Comfort. Ki kankare kashin a masai, ki ɗauraye kunzugun da ruwan sanyi, sannan ki sa shi a injin wanki a digiri 60, da garin sabulu gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalin. Ki ƙara ɗauraya ɗaya a ƙarshe. In har yanzu kumfa na tashi, ki sake. Kada jiƙaƙƙe ya wuce kwana 2 a bokiti, kuma ki bar bokitin a buɗe, babu ruwa a ciki.

Ruwan laushin yana barin maiƙo a jikin zaren, sai fitsari ya riƙa zamewa maimakon ya shige. Haka ma basilin in an lafta shi da yawa. Sai ki lura da ruwan famfonku: da bazara tankin saman gida yana ɗaukar zafi, ruwan azahar kamar an dafa shi, kuma ruwan zafi a ɗaurayar farko shi ke kama tabon kashi. Ki yi ta da asuba. Tsumman ki shanya shi a rana, tana cinye tabo, amma wandon roban a inuwa, don ranar Jidda tana kashe roba da wuri.