Likita na amsawa: maiƙon fuska, ƙuraje da man shafawa

Tun da bazara ta kama a Yamai, zafi ya haura digiri 40, rabin saƙonnin da ke zo mini kan naso na fuska ne. Na zaɓi huɗu.

Wata budurwa daga Wadata ta ce: "Likita, sau biyar nake wanke fuskata da sabulun salo, amma kafin azahar ta koma tana ƙyalli kamar takardar ƙosai."

Ƙanwata, wankin ne ya yi yawa. Maiƙon nan ba datti ba ne. Wasu ƴan ƙananan jakunkuna ne a ƙarƙashin fata suke fitar da shi ta ƙofofin gashi, kuma sun fi yawa a goshi, hanci da haɓa, shi ya sa can ne ke fara ƙyalli. Aikinsa ya tsare fata kada ruwanta ya ƙafe. Yawansa kuwa gado ne da sinadaran balaga, zafi kuma ya ƙara masa. Sabulu ba ya isa inda ake yin sa.

Fatar fuska tana da ɗan tsami nata na halitta. Sabulun salo da toka ake yin sa, kaifinsa yana karya wannan kariya. Sai ki ji fuska ta ɗaure tana raɗaɗi, tana saɓa a gefen hanci, ga kuma maiƙon bai fasa fita ba. Sau biyu ya isa, safe da dare, da sabulu marar kaifi, da hannu kawai, ban da soso. In kin yi zufa sosai ki ƙara ɗaya. Alwala ba ta cikin lissafi, ruwa ne zalla. Tsakar rana ki dangwala fuska da tsumma mai tsabta, kada ki goga. In maiƙon na tare da baƙaƙen ɗigo a hanci, ki nemi abin wanke fuska mai sinadarin salisilik kashi 2 cikin ɗari a farmasi. Ki ba shi sati 6 zuwa 8 kafin ki yanke masa hukunci. Kuma kada ki ce tunda kina da maiƙo kin rabu da man shafawa: in hunturu ya sauko, fata mai maiƙo ma tana jin ƙishi. Mai ruwa-ruwa za ki nema. Basilin da man kaɗanya ki bar wa ƙafa da gwiwar hannu.

Wata Hajiya daga Tawa: "Ɗana mai shekara 16 na hana shi ƙuli-ƙuli da gyaɗa da soye-soye, wata uku ke nan, ƙurajen suna nan."

Hajiya, a mayar wa yaro da ƙuli-ƙulinsa. Man da aka ci ciki yake tafiya a narka shi, ba ya biyo jini ya ɓullo a goshi. Shekarunsa ne. Abin da aka fi ganin yana tayar da ƙuraje ga wasu shi ne yawan sukari, lemun kwalba, farin burodi, wani lokaci madara. Ki dubi kuma man da yake zuba wa kansa, domin yakan gangaro goshi ya toshe ƙofofin fata. Ya daina matsa su; a baƙar fata, tabon matsa ya fi ƙurjin daɗewa, yakan kai watanni.

Wani ɗalibi ya tambaya ko lemun tsami ko man goge haƙori na busar da ƙuraje. Suna ƙona fata dai. Lemun tsami in ya haɗu da ranar Yamai, baƙin tabo yake barin maka. Ka bari.

Wata matar aure daga Bukoki: "An sayar mini da wani mai a kasuwa, aka ce yana kashe maiƙo. Da farko fuskata ta yi sumul ta yi haske, yanzu ƙuraje sun feso har wuya."

Wannan ita ce ta fi damuna, domin ina ganin irinta kowane sati. Da yawa daga cikin mayukan hasken fata suna ɗauke da kortizon mai ƙarfi, irin su kulobetazol da betametazon, magungunan da ake rubuta wa mai ciwon fata na ɗan lokaci kaɗan. Da farko suna kwantar da ja da kumburi, sai mace ta ce ta dace. Bayan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, makero ya samu wuri, ƙuraje masu kama ɗaya su fito tare. Wasu kuma da haidurokinon, wanda in an daɗe ana shafawa yake mayar da kumatu baƙi ƙirin, baƙin da ke wuyar fita.

Ƴar'uwa, kada ki ƙara wani mai a kan wannan, kada kuma ki yanke shi rana ɗaya in kin daɗe a kansa, fuskar za ta yi bore. Ki ɗauki kwalbar da kwalinta ki je wurin likitan fata a babbar asibitin ƙasa ta Yamai, a tsara miki yadda za ki janye a hankali. In kina da ciki ko kina nema, ki faɗa tun a bakin ƙofa, saboda wasu magungunan ƙuraje, musamman isotiretinoyin, suna nakasa ɗan tayi. In kuma al'adarki na rikicewa, gashi na fito miki a haɓa, shi ma ki faɗa, a duba ƙwayayen mahaifa.