Amsa kan mawaƙan Finlan masu kwalli da baƙaƙen kaya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mawaƙan rok na Finlan da ka gani a YouTube, maza da kwalli raɗau da baƙaƙen kaya, salon gilam suke yi ko gotik, tunda wani ya ce maka salon biyu ba sa ga maciji. In Ingila yake nufi, yana da 'yar gaskiya. A Finlan kuwa tuwo da miya ne. Na yi shekara huɗu ina karatu a Tampere, kuma abokin ɗakina ɗan ƙasar ne mai kaɗa jita, don haka ko ina so ko ba na so sai da kunnena ya ƙoshi.

Gilam ado ne da ƙyalƙyali: gashi a tsaye, jan baki, gyale mai launi, kiɗa mai zafi na sharholiya, irin na Ingila a shekarun 1970. Gotik ya biyo baya da baƙin tufafi, murya mai kauri kamar daga cikin rijiya, da zancen dare, kabari da soyayyar da ta mutu.

Abin da ya haɗa su a Finlan, a ganina, gida ɗaya suka fito. A 1979 aka kafa ƙungiyar Hanoi Rocks a Helsinki, da Michael Monroe a gaba da Andy McCoy a jita. Su ne 'yan Finlan na farko da duniyar rok ta waiwaya ta kalla, kuma gilam ne tsantsa. Suna gab da cin kasuwar Amurka, sai a Disambar 1984 mai gangarsu Razzle ya mutu a haɗarin mota a Kalifoniya, Vince Neil, mawaƙin ƙungiyar Amurka Mötley Crüe, ke tuƙi. A 1985 ƙungiyar ta watse. 'Yan ƙungiyar Amurka Guns N' Roses ba su taɓa ɓoye cewa sun kwaikwaye su ba. To yaran Helsinki da suka taso bayan haka, gwarzayensu masu ado ne, amma labarin gwarzayen da makoki ya ƙare.

Dubi The 69 Eyes, wadda aka kafa a 1989. Da farko sahun Hanoi Rocks suka bi sak. Zuwa 1999 mawaƙinsu Jyrki ya sauke muryarsa ƙasa sosai, aka ƙara kiɗan fiyano da duhu, aka rina komai baƙi. Amma ka kasa kunne ga jitar: tana nan da zafinta. Rigar fatar ma ita ce dai, launi kawai ya canza. Har laƙabi suka samu, wai masu shan jini na Helsinki. Ita kuwa ƙungiyar HIM ta mawaƙi Ville Valo, wadda ta fara a 1991, ta ɗaya ƙofar ta shigo. Waƙoƙinta mutuwa da ƙauna ne, amma bangon faifan Razorblade Romance ruwan hoda ne shar, Valo tsaye da riga a buɗe da sigari a baki. A farkon 2000 wata waƙarsu ta hau matsayi na ɗaya a Jamus, kuma faifansu Dark Light na 2005 ne na farko daga Finlan da ya kai matakin zinariya a Amurka, wato kwafi dubu 500. Sun yi sallama a daren shiga sabuwar shekarar 2018 a gidan rawa na Tavastia.

Ranar da na fara gani da idona, abokin nawa ne ya ja ni wani ƙaramin wuri cikin watan Janairu. Sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili. A layi kowa ya naɗe cikin ƙatuwar rigar sanyi kamar dami, shiru, ba mai kallon wani. Da aka shiga aka miƙa riguna wurin ajiya, sai ga mutane sun rikiɗe: wandon fata, sarƙoƙi, gyalen damisa a kan baƙar riga. Wani ƙato mai gemu yana tsaye gaban madubin banɗaki yana gyara kwallinsa a natse. Dariya ta kusa kubce mini, sai na tuna kakana da tandun kwallinsa ranar Juma'a, na kama bakina. Daga baya na ji ashe mutumin ma'aikacin jinya ne.

Za ka ji ana cewa duhun hunturu ne ya jawo wannan kiɗa, tunda a Disamba hasken rana a Helsinki kusan awa 6 ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ban gamsu ba. Norwe ma duhun ne, su kuwa abin da ya fi yi musu suna kiɗan metal ne mai hargowa da kururuwa. Abin da na fi yarda da shi sai da na ziyarci gidan su abokina na gane. Mahaifiyarsa ta kunna tsofaffin waƙoƙin tango na Finlan, irin waɗanda ake yi wa biki duk bazara a Seinäjoki. Duk karinsu na kewa ne, mai taushi da sa jiki ya mutu. Ka cire ƙarar jita daga waƙar HIM, abin da zai rage ɗan'uwan wannan tangon ne. Shi ya sa uwa da ɗa ke iya jin tashar rediyo ɗaya ba rigima.

Batun alamomi kuwa, na san shi ne ke cikin ranka ko da ba ka faɗa ba. Tambarin HIM zuciya ce haɗe da tauraro mai tsini biyar, kuma sun yi wasa da lambar 666 a farkonsu. Waɗanda na zauna da su kwalliyar dandamali suka ɗauke shi, ba addini ba. Duk da haka ni ban taɓa sa rigar mai tambarin ba, ko da aka ba ni kyauta.

In kana son ka ji canjin da kunnenka, nemi faifan The 69 Eyes na farko na 1992, sannan ka bi shi da Blessed Be na 2000. Mawaƙi ɗaya ne, amma sai ka rantse ba shi ba ne.