Ki fito da su bakin ƙofa, kuma ki cika jerin

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce masu zuwa laburarenku ko dai jarida ta kawo su ko shirin WAEC da JAMB, littattafan labarai kuwa ƙura kawai suke sha, kina neman dabarar da za ta sa a riƙa ɗaukarsu. Na daɗe ina wannan aiki a wani ƙaramin laburare a Kano, bari in faɗa miki abin da na gani.

Kada kowa ya ce miki mutanenmu ba sa son labari. Matar da ke bin labari a WhatsApp har tsakar dare, ta tura kuɗi a turo mata ci gaba, ai makaranciya ce. Mu ne muke ɓoye mata kayan.

Duba yadda muke jera su. Tsarin Dewey, wanda laburare ke bi wajen ba littattafai lamba, ya kai adabi lamba 800, na Hausa kuma ya faɗa 893, wato can ƙarshen kanta, galibi a lungun da fanka ba ta kaiwa. Ga shi littattafan da marubutanmu suka yi ta bugawa tun shekarun 1980 sirara ne, da waya aka ɗinke su a tsakiya, ba su da bayan da za a rubuta suna. In kika jera hamsin a tsaye, gefen takarda kawai ake gani. Mai sayar da su a kasuwa bai taɓa yin haka ba, shimfiɗa su yake bango na kallon mutum. Ki sami tebur a bakin ƙofa, kan hanyar masu zuwa karatun jarrabawa, ki baje kamar ashirin, kina sauya su duk mako. Lambar ta zauna a rajista, wannan aikinmu ne, ba na mai karatu ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne jeri. Yawancin labaran nan kashi-kashi ake fitar da su, na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu. Yarinya ta karanta na ɗaya, ta dawo da ɗoki, kika ce mata na biyu ya ɓata, to kin rasa ta ke nan, kuma za ta gaya wa ƙawayenta. Ki zauna ki tantance: wanda ya cika, ki kai wa mai ɗaurin littafi ya haɗe su wuri guda da bango mai kauri. Wanda bai cika ba, ki nemo cikon kafin ki sayi ko da sabo ɗaya. Gara labari talatin cikakku da ɗari biyu guntu-guntu.

Sai maganar aro. Na san shugabanni na tsoron ɓacewa, shi ya sa ake cewa a karanta a nan. Amma wa zai zauna kan benci ya gama labarin soyayya, ga ɗan'uwansa a gefe yana haddar lissafi yana hararensa? Labari a kan gado ake karanta shi. Kuma da yawa daga cikin masu son sa matan aure ne da ba za su taka laburare ba, ƙane ko ɗa suke aikowa. Mun yi wa irin waɗannan kati da sunansu, da sa hannun mai unguwa ko wani malami. Ana yin asara jifa-jifa, ban musa ba, amma ba ta kai wadda gara ke yi mana a kanta ba.

Ki riƙa karanta su da kanki. In uba ya zo yana cewa littattafan nan ɓata tarbiyya suke yi, sai ki iya cewa wannan na karanta, ga abin da ke ciki. Irin wannan uban, ki miƙa masa ɗaya daga cikin tsofaffin labaran da suka fito daga gasar rubuta labaran Hausa da aka yi a Zariya a 1933, waɗanda ya karanta a firamare. Sau da yawa shi ke fara tafiya da littafi gida.

Ranar Asabar kuma ki sa wani mai murya ya karanta wa yara babi ɗaya, ya tsaya daidai inda rikici ya ɗau zafi, kamar yadda gidajen rediyo ke yi. Littafin ya kasance a hannunki a lokacin, domin a take za a nema. In kina son baƙo, ƙungiyar marubuta ta ANA na da reshe a Kano, kuma gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da marubuta da dama. Da yawansu za su zo in an gayyace su, kuɗin mota kawai za ki tanada, kuma ki tabbata littafin baƙon na kan teburin kafin ya iso.